Duwatsun da Masu Shinge Sunka Kwashe

Ku gyara zama, ɗiyana, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Wagga ba gatana ba ce, babu kura cikinta, babu zomo. Tafiya ce na yi watan da ya wuce tare da masu shinge na Tawa, kuma su sunka ce in faɗi yadda ta kasance don waɗanda ba su je ba.

Ɗana na cikinsu. Aikinsu kafa turakun ƙarfe, su ja musu wayar nan mai ido-ido da ake ce ma giriyaji, su kewaye garka ko lakwal, wato makaranta, ko filin da mai shi ke tsoron a cinye mishi. Da kowa gaban kanshi yake yi. Shekarun baya sunka haɗa kai sunka yi ƙungiya, in aiki ya fi ƙarfin mutum guda sai su taru su yi shi.

Wata rana ɗana shina cin tuwo, na ji ya ce ma matarshi ƙungiya ta samu babban aiki, garkar mata, arewa da Afala, inda masu furoje, ƴan aikin taimako, sunka gina rijiya. Ya faɗi sunan garin. Garin da anka kai ni aure ne. Ya ce ba cikin gari ba, can tsohon kufai, inda mutane sunka tashi shekarar yunwa. Ina tsintar wake lokacin nan, sai na ga ina zuba tsakuwa cikin masu kyau.

Ku ba ku sani ba, shi ma bai sani ba. Kufan nan na bar ɗiya biyu. Ta fari mace, ta yi wata bakwai. Na biyu namiji, bai kai suna ba. Zamaninmu jinjiri ba a kai shi inda manya suke, bayan ɗaki ake yi mishi wuri, a jera duwatsu bisa. Kuma mace ba ta zancen ɗan fari, ko yana raye, balle wanda ya koma. Na rufe bakina shekara hamsin da wani abu. Mijina da ya sani ya rasu, uwar mijina ta rasu. Yanzu ga ɗan cikina za shi da diga ya gina ramu a jere, taki uku-uku, bisa wurin. Kwana biyu ina neman bakin da zan gaya mishi, ban samu ba. Sai na ce ina son in je gaida dangi. Ya ce motar kaya ce, na ce ni ma kaya ce.

Mun tashi da asuba, ana sallame salla. Kamyon cike yake da naɗin waya da turaku da buhunan siminti, maza na zaune bisa kamar angulaye, ɗana cikinsu. Ni anka sa ni gaba, tsakanin direba da shugaban ƙungiya. Shugaban nan dattijo ne, ya fara sana'a tun ana darni da kara da ƙaya, waya ba ta zo ba. Hannuwanshi duk tabo. Suna ce mishi Parazidan, shi ba shi so, shi ya sa ba su bari. Direban kuwa sa'an manyan jikokina ne, tun da na hau ya ce ya samu amarya, kuɗin motata goro guda. Na ce mishi angon da motarshi ke tari kamar tsohuwar tunkiya ba ni so. Ya yi dariya har ya manta rami, munka faɗa ciki.

Da munka bar Tawa kwalta ta bar mu. Jar hanya ce mai gargada, haƙoran da sunka rage mini huɗu sai da sunka gaisa da juna. Gari ya waye bisa ƙasar Adar yadda na san ta, dutsi ga dama, dutsi ga hagu, baƙin tsakuwa har inda ido ya tsaya. An gama ɗaurin hatsi, rumbuna sun sha sabon yaɓe, awaki na cikin gonaki suna cin kara ba mai kora. Na ga ramukan nan masu kamar rabin wata da ake gina ma ruwan sama bisa fako. Zamaninmu babu su, ruwa zuwa yake yi ya wuce abinshi. Wurin sojoji sunka tsai da mu sunka duba takardu. Guda ya leƙo ya tambaya ko Kaka ma ma'aikaciya ce. Direba ya ce ai ni ce injiniya, sojan ya sara mini.

Shugaba ba shi kallon gona, ba shi kallon dabba, shinge yake kallo. Kowane munka wuce sai ya yi mishi shari'a. Wanga cikinshi ya saki, wancan an yi rowar siminti, wancan kuwa wanda ya yi shi bai ji tsoron Allah ba. Ya ce mini ka'idar ƙungiyarsu guda ce. In ka tsaya ga turken fari ka rufe ido guda, kada ka ga na biyu, duk su ɓoye bayan na farin kamar sahun salla. Shingen da ya karkace, in ji shi, sunan mai shi yake kira har shekara ashirin. Na ce to.

Afala munka tsaya karin kumallo. Maza sunka sauko sunka far ma mai waina da mai shayi. Wata Buzuwa na zaune gindin bango da cuku jere bisa tabarma, fari tas, mai laushi. Ta ce dala hamsin guda. Na ce sa'ad da nake amarya da dala hamsin akuya ake saye da igiyarta. Ta ce to in koma can in sayo. Na sayi huɗu don tsaraba. Ɗana ya kawo mini waina da zafinta, na ce na ƙoshi. Ya dube ni, ya koma da ita.

Daga Afala hanya ta zama sawun mota cikin rairayi da dutsi. Hantsi ya ɗaga sa'ad da munka isa.

Ban gane wurin ba. Aduwar da ke bayan gidanmu babu ita, ko kututturen babu. Ga sabuwar rijiya da allunan nan masu shan rana, ga igiya an ja ta bisa ƴan turaku, miƙe sak, ta kewaye fili babba. Mutum huɗu na ƙungiya sun riga mu zuwa da kwana biyu don su share hanyar igiya. Kuma masu shinge suna da wata al'ada. Ƙasar dutsi ba su sayen tsakuwa, duk dutsin da sunka gani kusa sai su kwashe shi su tara, da shi za su cika ramin turke su zuba siminti. Sun kwashe. Kowane taki goma ga tsibin duwatsu, wurin kuwa fes kamar an share shi don biki.

Na sauka na bi igiya da sandata. Ƙofar ɗakina gabas take kallo, tudun nan mai baƙin kai shina ga kafaɗata ta hagu, wannan ban manta ba. Na juya na sa tudun ga kafaɗa. Igiya ta bi ta inda bayan ɗakina yake. Amma taki goma gaba ne, ko taki goma baya, ban iya cewa. Abin da zai gaya mini shina cikin tsibi, an gama shi da ƴan uwanshi.

Na waiwaya, na ga ɗana ya tuɓe riga ya ɗauki diga, shi ne mai ramin fari. Ban iya zuwa wurinshi ba. Wurin shugaba na je.

Na ce, “Alhaji, ku dakata. Akwai mutane ƙarƙashin igiyarku.”

Ya dube ni, ya dubi tsibin duwatsu. Ya ce, “Manya ko ƙanana, Hajiya?”

“Ƙanana.”

“Naki?”

Na dubi ƙasa. Ya ɗaga hannu, duk wanda ke riƙe da ƙarfe ya aje. Ɗana na kusa, ya ji. Shi duk rayuwarshi yana jin ina kiran sunanshi gatsau gaban mutane, ya ɗauka zaman birni ne ya cinye mini kunya. Bai taɓa kawo ma ranshi cewa akwai wadda ta riga shi ba. Ya ce, “Inna, ba ni ne na fari ba?” Shugaba ya amsa mishi, ya ce ai ka ji.

Guda cikin waɗanda sunka kwashe duwatsun, mutum mai furfura ga gemu, ya zauna ƙasa ya dafe kai. Ya ce wallahi ya ga duwatsu kwance a jere, ƙanana-ƙanana, daidai hannu, har ya yi murna ya ce wani bawan Allah ya rage musu aiki. Na ce mishi ya tashi, wanda bai sani ba bai yi laifi ba, mu da munka sani mu munka yi shiru.

Sakataren ƙungiya, mai takardu da salula, ba mugun mutum ba ne, amma shi ke amsa tambaya in masu furoje sun zo. Ya ce an auna filin, an yanko waya daidai awo, ko kamu guda babu saura, kuma mai duba aiki na zuwa ran Alhamis. Shugaba ya ce ya ji.

Sai ya tuɓe takalmi. Ya hana kowa taka wurin. Ya ce dutsin da anka ɗaga shekaranjiya gurbinshi na nan, iska ba ta cike shi ba tukuna. Ya duƙa yana tafiya sannu, yana nuna ƴan ramu masu duhu da gara ta yi zane ciki. Ya karɓi sandar ƙarfen nan da suke fasa ƙasa da ita, baramin, ya juya ta, yana taɓa ƙasa da gindin a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ya ce shekara arba'in yana gina rami, ƙasar da ba a taɓa buɗewa ba amsawa take da ƙarfi, wadda anka taɓa buɗewa ko ta daɗe amsarta ƙasa-ƙasa ce. Muna tsaye muna saurare. Ƙasa na cewa ƙwal, ƙwal, ƙwal. Can ta ce dum.

Gurabun sun kewaye wurin, tsawonshi bai fi hannuna ba. Taki guda gaba, ga wani, ya fi shi ƙanƙanta. Na zauna nan.

Shugaba bai tsaya ba. Ya ci gaba da bin igiya, yana taɓawa, yana zana da yatsan ƙafa. Sai da ya samu wuri tara. Layin gidajenmu ne duka, bayan ɗakunan matan unguwa.

Garin ba shi da nisa, labari ya riga ya kai. Na ɗaga kai sai ga tsofaffi huɗu tafe da sanduna. Cikinsu har da ƙawata, wadda munka yi daka turmi guda muna amare, yanzu idonta ya yi hazo-hazo, da murya ta gane ni. Kowace ta nemi tudun da kafaɗarta, ta taka, ta je ta tsaya inda take tsayawa. Sun ga an ja igiya tun shekaranjiya, sun ga ana kwasar duwatsu, suna kwana da abin, kuma ba wadda ta iya buɗa baki gaban maza. Wuri uku ba wanda ya tsaya gare su, masu su sun riga mu.

Daga nan shawara ta tashi. A jawo igiya ciki, a bar su waje, waya ta isa har ta yi saura. Amma shugabar matan garka, mace mai kaifin baki da zani ɗaure ga ƙugu, ta ce kusurwar nan ƙuri'a ta ba wata mai marayu huɗu, in an jawo igiya rabonta ya tafi. Na ce a'a, ba a hana ma mai rai albasa don nawa da sunka kwanta, a bar igiya inda take, a tsallake su da turaku kawai. Ɗana ya ce waya ana binne gindinta cikin ƙasa don awaki, ba ta tsallake komi. Shugabar mata ta ƙara da cewa in sun zauna waje ma, nan ne hanyar shanu zuwa rijiya, kofato zai bi ta kansu safe da marece.

Saura hanya guda, a tura igiya waje, shinge ya yi ciki ya rungume su. Sakatare ya auna, ya ce waya za ta gaza da mita ashirin da wani abu. Shugaba ya daɗe yana kallon igiyarshi mai kyau. Sai ya juya ya ce kowane ɗayanku yana da guntayen waya bayan shago da yake ɓoye mini, yau ranarsu ta zo. Anka yi dariya, ta fari tun isowarmu. Babu rezo, salula ba ta kamawa sai bisa kamyo, sai ga manyan mutane na hawa ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga salula sama, suna kiran gida a ɗora guntaye ga motar kasuwa.

Duwatsun kuwa, na ce a ɗebo ko waɗanne a jera, dutsi dutsi ne. Ɗana bai ji ba. Ya je ga tsibi ya ɗauko guda, ya juya shi. Kowane dutsi yana da fuskar da rana ta ƙona da fuskar da ta kwana cikin ƙasa. Ya kawo shi ga gurbi ya gwada, bai zauna ba, ya kai wani gurbi, bai zauna ba, ya mayar ya ɗauko wani. Na bakwai ya zauna daram kamar ba a taɓa ɗaga shi ba. Mai furfurar nan ya tashi ya kama mishi, don shi ya tuna tsibin da ya zuba na wurin. Sauran sunka shigo. Maza goma sha biyu da anka kawo gina rami sunka wuni suna gwada dutsi ga gurbi, har la'asar. Ba duka anka samu ba. Inda ya gagara anka sa wanda ya fi kusa.

Da ɗana ya aje na ƙarshe bisa ɗiyata ta fari, yana duƙe, bai dube ni ba, ya ce, “Inna, mi ne ne sunanta?”

Bakina ya ƙi. Shekara hamsin ba su buɗuwa rana guda. Ƙawata ta dafa kafaɗarshi ta faɗa mishi, don ita ta riƙe ta ran suna. Ya maimaita shi sau guda a hankali. Ya ce ɗayan fa. Ta ce wannan bai jira suna ba. Liman ya zo anka yi addu'a, don su tara ɗin duka, har da ukun da ba su da kowa. Matan gari sunka kawo fura da nono cikin manyan ƙore, na sha, shi ne abin da ya fara shiga cikina ran nan.

Wanshekare guntaye sunka iso. Wata koriya, wata fara, wata ta fara tsatsa, wata idonta manya wata ƙanana. Sunka ɗinke su da siririyar waya kamar zanen mai talauci. Kwana uku ana aiki, ni ina gidan ƙawata muna cin cuku muna lissafin waɗanda sunka rasu, da hantsi in fito in zauna inuwar kamyo. Da anka gama, shugaba ya tsaya ga turken fari ya rufe ido guda. Gefe uku sahun salla. Gefe na huɗu turaku shida sun fito waje kamar masu leƙen biki. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa yin shinge mai muni kamar wanga ba. Ya je ya girgiza turakun shida ɗaya-ɗaya, ya sa anka ƙara ma biyu siminti.

Ran Alhamis mai duba aiki ya zo da farar mota. Ya ga cikin da shinge ya yi, ya tsaya, ya buɗa takarda ya ce wanga ba shi cikin zane. Ni na ɗauka shugaba zai yi magana. Sakatare ne ya matsa, ya kai shi ga wayar, ya nuna mishi duwatsun, ya yi mishi bayani ƙasa-ƙasa. Mutumin ya tuɓe hula ya mayar. Ya auna garka, ya ga ba ta ragu ba. Ya ɗauki hoton gefe uku, na huɗun ya ce hasken rana bai yi kyau ba nan.

Munka kamo hanyar gida bayan azahar. Kamyon da ba kaya ya fi tsalle, direba ya ce amarya ta rame. Shugaba ya ce shi iska yake so, ya hau baya, ya turo ɗana gaba kusa da ni. Munka kai Afala. Can ɗana ya sauka ya sayo mini shayi, ya riƙe mini kofin har ya huce. Mun shigo Tawa rana na shirin faɗuwa, jikoki sunka taryo mu suna tambayar tsaraba, ni kuwa cukun na ci shi can.

Abin da na gano ga tafiyar nan, ƙasa ba ta zama wofi don ido bai ga komi ba. Maza sun san iyakar gona, mata sun san abin da ke bayan ɗaki, kuma ba su faɗi. Na gaya ma shugaba haka. Juma'ar da ta biyo ƙungiya ta zauna, sunka ƙara ka'ida ta biyu bisa ta ido guda. Daga yanzu ba a ɗaga dutsi, ba a jan igiya, sai an kewaya wurin da tsohuwar da ta fi kowa shekaru. Kada a tambaye ta komi. A bi ta baya kawai, inda ta tsaya a tsaya.

Shugaba ya ce bana ne ƙarshen shugabancinshi, gwiwa ta gaji, amma ba wanda ya yarda. Sakatare shi ya rubuta sabuwar ka'idar, kuma an ce shi ya fi kowa tsanani gare ta. Mai furfurar nan ba shi taɓa dutsi yanzu sai ya juya shi ya duba. Mai marayu ta shuka albasarta, kuma ita ke cire ciyawa tsakanin duwatsun, ba wanda ya sa ta. Ƙawata ta kwanta ciwo bayan tahowarmu, ta tashi, ta aiko mini da kuka da daddawa. Direba ya sake mota, tarin bai sake ba. Ɗana bai ƙara yi mini zancen ba, amma sau biyu ke nan yana hawa babur ya ce za shi duba ko waya ta saki, wayar da anka ja wata guda da ya wuce.

Ni kuwa ina nan. Makon jiya na je likita don jiri, ma'aikaciyar na cika takarda, ta tambaye ni haihuwa nawa na yi. Kullum biyar nake cewa. Na ce mata bakwai, ta rubuta.